Ranar da Gwaggo Ta Miƙe Tsaye

Na fi wata biyar ina juya wannan magana a raina kafin in soma rubuta ta. Sau uku ina farawa ina gogewa. Karatuna bai wuce firamare ba, rubutun Hausa ma a waya na ƙarasa koyonsa, kuma abin da zan faɗa sirrin ɗaki ne, irin wanda aka hore mu da rufewa. Na tambayi malamar da muke ɗaukar karatu a wurinta ko hakan zai zama yi da mutum. Ta ce in dai ban kama suna ba, kuma mafita nake nema, babu laifi. Duk da haka hankalina bai kwanta ba sai da na nemi izinin mai abin. Idan na ƙara ko na rage, Allah Ya yafe mini.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta raine ni tun ina shekara huɗu, da mahaifiyata ta rasu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Tana ƙarama aka zo da ita Makka, ta Chadi da Sudan, ana tafe ana tsayawa neman guzuri. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Uwata" take ce mini, ko da faɗa take yi.

A unguwar Tandabawi ta nan Makka muka tashi, kuma a can ban taɓa jin an ce akwai wata hukuma mai kula da tsoho ba. Idan tsohuwa ta kwanta, matan lungu ne suke ɗaukarta. Wannan ta kawo kunu, waccan ta kwashe wanki, wata ta zo da rana ta zauna don mai gidan ta samu ta je kasuwa. Wanka kuwa na Gwaggo ne. Ita ake kira. Tun ina yarinya nake riƙe mata buta, kuma abu ɗaya ta fi tsananta mini a kai: ba a barin baƙo ya ga mara lafiya a wulaƙance. Kafin a ce wa mai dubiya ya shigo, sai an wanke majinyaci, an shafa masa mai, an canza shimfiɗa, an kawar da fo, an sa turaren wuta, an jingina shi da filo. Idan aka tambaye shi jiki ya ce alhamdulillahi, mai jinya ma ta ce da sauƙi. Haka na ga ana yi, haka na ɗauka addini ne ma.

Da rusau ya iso lungunmu sai aka watse. Wasu suka yi Jidda, wasu bayan gari, mu muka samu hawa na uku a unguwar Zahir, gidan da babu lif. Mijina ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yana mata biyu suna gidajen aurensu a Jidda. Saura ni da Gwaggo, sai Yayana da ke tuƙa bas a Aziziyya, yana leƙo mu ranar Juma'a.

A banɗakin gidan nan Gwaggo ta zame ta karya ƙugu. An yi mata aiki a asibiti, amma ba ta sake takawa ba. Wata takwas ni ke ɗaga ta, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Yaya namiji ne, iyakarsa ya ɗauke ta daga gado zuwa kujera idan yana nan. Sai bayana ya fara. Likita ya duba hoto ya ce kada in ƙara ɗaukar abin da ya fi tukunya nauyi. Na ce to, na dawo gida na ɗaga Gwaggo, don babu wanda zai ɗaga ta. A ƙasan bayanta kuma wani gyambo ya buɗe, na yawan kwanciya. Ina wanke shi da ruwan gishiri ina rufewa, ban gaya wa kowa ba.

Wata rana bayan Azahar, ina ƙoƙarin mai da ita gado, wani abu ya soke ni a baya kamar an caka mini ƙusa. Muka zube tare. Ni ban iya tashi ba, ita ba ta iya tashi ba, waya tana kicin. Muna nan a ƙasa har aka kira La'asar. Gwaggo ta ce, "Uwata, in dai hira kike so, ai da kin faɗa, ba sai kin kayar da ni ba." Ni kuwa kuka nake. Da ludayin da ke cikin kofin kunu na yi ta bugun bango har maƙwabciyarmu ta ji, aka kira mai gadin gida ya ɓalle ƙofa.

Maƙwabciyar tana da 'ya ma'aikaciyar jinya. A nan aka haife ta, kakanninta Sakkwatawa ne, Hausarta tana ɗingishi, rabin maganarta Larabci ne. Da yamma ta shigo ta zauna da ni a falo. Khala take ce mini, wato inna.

"Khala, wata takwas? Ke ɗaya? Me ya sa ba ki nemi taimako ba?"

"A wurin wa? Mutanenmu sun watse."

"Ba mutanenku ba, khala. Akwai masu wannan aiki."

Ta shiga yi mini bayani, ni kuwa baki buɗe. Ta ce asibitocin gwamnati suna da ma'aikatan da ke bin marasa lafiya har gida, su wanke ciwo su duba jini. Ta ce akwai kamfanoni da ke turo ma'aikaciya ta yini ko ta 'yan sa'o'i, amma biya ake yi, kuma da ta kwatanta mini na san ba mu da ƙarfinsa. Ribaɗi na san shi, gidajen wakafi da ake ba tsofaffin mata ɗaki, sai dai ta ce wannan na mai iya yi wa kanta ne. Akwai kuma gidan tsofaffi na hukuma, na wanda ba shi da kowa. Sannan akwai jam'iyyoyin taimako, wato ƙungiyoyin agaji, masu ba da aron gado da keken guragu, su ba da kunzugun manya, wasu ma har su turo mai duba mutum.

"Duk a garin nan?" na ce.

"Duk a garin nan. Amma kowanne da takardar da yake tambaya. Jidda tana da iƙama ne ko 'yar ƙasa ce?" Jidda take ce wa Gwaggo, wato kaka.

Na ce iƙama ce, wato takardar zaman baƙo, kamar ni. Ta ce to mu fara da jam'iyya, su sun fi sauƙi. A wayarta ta cike mana komai. Shekara hamsin da wani abu ina garin nan, ina wuce waɗannan ƙofofi a mota, ban san abin da ke bayansu ba. Abin da ban lura da shi ba a ranar, ƙofar ɗakin Gwaggo a buɗe take.

Bayan mako biyu aka kira ni. Mata biyu za su zo ranar Talata da hantsi su ga halin da take ciki.

Baƙi za su zo. Abin da kunnena ya ji ke nan. Kwana biyu ina aiki da wannan bayan nawa. Na wanke labule, na goge bango. Kunzugu na tura can saman durowa, fo na ɓoye bayan injin wanki, ledar da nake shimfiɗa mata a ƙarƙashin zanen gado na naɗe na sa a buhu. Dardumarmu ta ji jiki, sai na aro ta maƙwabciya. Na sa wa Gwaggo lalle, na tsefe mata kai na yi mata kitso huɗu, na ciro leshinta na Salla. Na roƙi Yaya ya biyo da sassafe kafin ya tafi aiki, ya ɗauko ta ya ajiye a kujerar falo, na tokare ta da filo ta kowane gefe na rufa da mayafi. Ni ma na cire bel ɗin da likita ya ba ni don yana nunawa ta cikin riga, na haɗiyi maganin ciwo biyu. Na dafa gahawa, na jera dabino, na sa turaren wuta har sau uku. Gwaggo tana kallona, sai da na gama ta ce, "Kawo kwalli."

A raina kuwa tsoro ne fal. Ina ganin idan suka tarar da ɗaki yana wari za su rubuta cewa na wulaƙanta ta.

Suka zo, babba mai riƙe da fayil da ƙarama ma'aikaciyar jinya. Mutanen kirki, ba ni da abin da zan ce a kansu. Babbar ta shaƙi ƙamshi ta ce ma sha Allah. Gwaggo ta fi ni Larabci, shekara da shekaru ta yi tana sayar wa alhazai abinci, don haka ita ta karɓi maganar.

"Ya ummi, yaya jiki?" in ji babbar. Ummi shi ne mama da Larabci.

"Alhamdulillahi."

"Kina zuwa banɗaki da kanki?"

"Alhamdulillahi."

"Wa yake yi miki wanka?"

"Ni? Ni da na wanke rabin Tandabawi?"

Suka yi dariya. Ƙaramar ta tambaya ko akwai ciwo a wani wuri a jikinta. Gwaggo ta ce tsufa ne kawai, shi kuwa ba ta ji an ce jam'iyya na raba maganinsa ba. Suka sake dariya. Babbar ta juyo gare ni ta ce, "Ke fa, kina shan wahala da ita?"

A gabanta aka yi mini tambayar. Matar da ta goya ni, ta tauna abinci ta sa mini a baki. Na ce, "Gwaggota ce. Babu wahala, alhamdulillahi."

Babbar ta duba fayil ta ce an rubuta musu cewa ba ta iya tsayuwa. "Ko za ki gwada mana, ya ummi? In ba za ki iya ba, babu komai."

Na buɗe baki zan ce ba ta iyawa. Kafin in yi magana Gwaggo ta yaye mayafi, ta dafa hannun kujera, ta miƙe.

Har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Matar da wata takwas ban ga tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa da nauyinta ba, ga ta tsaye a kan dardumar aro. Ta ɗaga ƙafa ta taka. Ta sake takawa. Taku uku na ƙirga har ta kai ga tebur, ta ɗauki butar gahawa, ta tsiyaya wa babbar a ɗan kofi, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ce, "Tafaddali," wato bismilla.

Allah Ya yafe mini abin da ya fara zuwa zuciyata. Cewa na yi, ashe tana iyawa? Ashe duk watannin nan tana kallona ina karya bayana? Sai idona ya sauka bayan kunnenta, na ga gumi yana gangarowa cikin wuyan leshi kamar an zuba ruwa. Na duba ƙasa, babban yatsan ƙafarta yana rawa. Ta ja da baya ta zauna, tana murmushi, leɓenta ya yi fari.

"Ma sha Allah, tabarakallah," in ji babbar. "Allah Ya ba mu irin tsufanki." Suka sha gahawa, suka yaba tsaftar gida, suka ce ni 'ya ce ta gari. Na raka su har bakin matakala ina godiya.

Da na dawo na tarar kanta ya langaɓe, fitsari ya jiƙa leshi ya sauka har kan dardumar mutane. Ina kiranta ba ta amsawa, haƙoranta a datse. Na fita da gudu ba mayafi na buga wa maƙwabta ƙofa. Kwana uku ta yi da zazzaɓi, ko zanen gado ya taɓa ƙugun sai ta yi ƙara.

A rana ta huɗu saƙo ya shigo waya. 'Yar maƙwabciya ta karanta mini. An amince a ba mu sanda mai ƙafa huɗu.

"Sanda?" ta ce. "Khala, me kika nuna musu?"

Na gaya mata komai, har da lallen. Ta dafe kai.

"Walima kika yi musu! Khala, waɗannan ba 'yan dubiya ba ne. Abin da idonsu ya gani shi suke rubutawa. Kin nuna musu amarya, sun ba ki sanda. Gyambon fa, sun gani?"

"Ya za a yi in buɗe bayan gwaggota a gaban baƙi?"

"To don shi suka zo!"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Duk abin da na yi a kwana biyun nan, da hannuna na rufe mana ƙofa, ina ganin mutunci nake tsarewa.

Da Gwaggo ta ɗan farfaɗo, ina shafa mata mai a ƙafa, na ce, "Gwaggo, me ya sa kika tashi?"

Ta ce, "Na ji ku ai, ke da 'yar Larabawan nan. Gidan tsofaffi. Ƙuguna ne ya karye, ba kunnena ba."

"Ba can za a kai ki ba, Gwaggo. Lissafa mini kawai ta yi."

"Mai fayil ba ta zuwa a banza. In sun ga ba na tashi, su ce kin gaji, su ɗauke ni. In je in mutu a hannun wadda ba ta san kunun tsamiya ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma a rubuta a takarda cewa 'yar ƙanena ta kasa? Ina raye?"

Ashe tsoro ɗaya muke ji, ni da ita, kowa ta ɓoye wa 'yar'uwarta.

Abin ya tsaya mini a rai ta wata fuskar kuma. Mun ce alhamdulillahi, kuma gaskiya ne, godiya ta tabbata ga Allah a kowane hali. Amma mun faɗe ta ne don mu rufe bakin masu tambaya. Na yi ta tunanin ko ƙarya muka yi da sunan Allah. Da na kasa haƙuri na ɗaura bel ɗina, na hau tasi har ofishin jam'iyyar, na nemi babbar. Na ce mata na zo in faɗi gaskiya. Na faɗa mata inda na ɓoye fo, da inda na tura kunzugu, da yinin da muka yi a ƙasa. Ta ajiye biro tana kallona.

"Amma ta tsaya. Da idona na gani."

"Ni ma da idona na gani. Ban san inda ta samo shi ba."

Ta ce za su dawo. "Sai dai ba zan gaya miki rana ba, don yanzu na san ki."

Kwana goma sha ɗaya ina zaman ɗar-ɗar. Kullum da safe hannuna yana ƙaiƙayin gyara, in ce kada in wuce abin da na saba yi kullum, sai kuma in rasa iyakar abin da na saba. Ranar da suka buga ƙofa ban ko canza mata kunzugun safe ba. Ɗakin yana yadda yake. Ban san lokacin da na nufi kaskon turare ba, sai ji na yi babbar ta riƙe mini hannu.

Gwaggo na ganinsu ta gyara ɗankwali, ta fara laluben bakin gado za ta yunƙura.

"Yaya jiki, ya ummi?"

"Alhamdulillahi. Uwata, kawo wa baƙi gahawa."

Ban je ba. Na matsa kusa da ita na ce, "Gwaggo, ki yafe mini." Na juya ta gefe ɗaya, na ɗaga bargo, na ɗaga zane.

Ƙaramar ta sunkuya ta cire audugar da na rufe gyambon da ita. Ta ja numfashi, ta buɗe jakarta. Ni ma sai a ranar na ga gyambon da idon wani. Ya kai tafin hannuna. Kullum ina ganinsa, shi ya sa ban ga yadda ya girma ba.

Babbar ta durƙusa saitin fuskar Gwaggo ta ce, "Ya ummi, babu mai ɗauke ki. Mu ko gidan da za mu kai ki ba mu da shi. Gado muke kawowa." Gwaggo ba ta dube ta ba. Ni ta duba, kallo ɗaya, sannan ta mai da fuska bango.

Kwana tara ba ta ce mini Uwata ba. "Ke" take cewa. Ke, ruwa. Ke, kashe fanka. Tun da nake ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba, kuma har yanzu ban tabbata ko akwai wata hanya da zan bi ban bi ba. A rana ta goma, ina ba ta kunu, ta yamutsa fuska ta ce, "Uwata, tsamiyar nan rowa kika yi mata?" Na fita kicin na yi kukana.

An kawo mana gado mai ɗagawa da katifar iska. Ana ba mu kunzugu, ƙaramar kuma tana zuwa duba gyambon, ya fara haɗewa. Allah Ya saka musu da alheri. Amma sun gaya mini gaskiya, ba su da matar da za su turo ta yi wanka ko ta ɗaga mutum. Wannan har yau ni ce, da bel ɗina. 'Yar maƙwabciya tana kama mini ranar hutunta, sai dai an sa aurenta bayan Hajji, Madina za a kai ta. Idan bayana ya sake tsinkewa, abin da Gwaggo ta miƙe tsaye don ta guje masa shi zai same ta, kuma ni ce zan sa hannu.

Da na nemi izininta kan wannan rubutu, sai da ta sa na karanta mata tun daga farko. Ta saurara ido a rufe. Na zaci za ta hana. Ta ce, "Rubuta. Amma taku huɗu na yi, ba uku ba." Ni uku na ƙirga. Na rubuta duka biyun don kada in ci haƙƙin kowa.

To, jama'a, ga abin da nake roƙo. Duk wanda ya san wata jam'iyya ko wakafi a Makka da ke turo mace ta taya wanka da ɗaga tsohuwar da ba ta tashi, ko da sau biyu ne a mako, ya taimaka ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka fitar da wannan rubutu. Ina kuma son sanin ko ma'aikatan asibiti masu zuwa gida suna karɓar mai iƙama, da takardun da ake nema, don wasu sun ce mini ana yi, wasu sun ce ba a yi, ni kuwa ina tsoron in je in faɗi abin da ba daidai ba. Idan akwai inda ake koya wa mai jinya yadda za ta juya babban mutum ba tare da ta ji wa kanta ciwo ba, shi ma ina so. Sannan idan a cikin masu karatu akwai matan tsohon lungunmu na Tandabawi da suka dawo Zahir ko kusa da ita, sun san wadda nake nufi, don ita ta wanke iyayensu. Hawa na uku muke, babu lif. Duk wadda za ta zo, ta zo kawai, kada ta gaya mini rana.